Värnplikt: asalin kalmar da Suwidin ke kiran matasanta aikin soja da ita

A watan Janairun 2024, a taron tsaro da ake yi duk shekara a garin Sälen, ministan kare fararen hula na Suwidin, Carl-Oskar Bohlin, ya fito fili ya ce yaƙi na iya zuwa ƙasar. Maganar ta girgiza mutane, domin rabon Suwidin da yaƙi tun 1814. Ranar 7 ga Maris ƙasar ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO. Da Nuwamba ya kama, hukuma ta aika wa gidaje sama da miliyan biyar wani ɗan littafi ruwan ɗorawa mai bayanin abin da mutum zai yi idan rikici ko yaƙi ya zo, kuma a ciki aka tuna wa jama'a cewa duk mazaunin ƙasar daga ɗan shekara 16 zuwa 70 akwai haƙƙin tsaro a wuyansa.

Nan fahimta ta rarrabu. Wasu suka ɗauka kowa za a miƙa wa bindiga, har baƙo, har tsoho. Ba haka dokar ta ce ba. Ruɗanin ya samo asali ne daga wasu kalmomi masu kama da juna da duk suka ƙare da plikt, waɗanda in an zo fassara sai a dunƙule su a kira su "aikin soja na tilas". Uwarsu ita ce värnplikt, kuma wanda ya warware ta gida biyu ya bi sawun kowane ɓangare, zai gane dokar da ma gardamar da ake yi a kanta.

Yadda aka ƙera kalmar

Värnplikt harɗaɗɗen suna ne mai sassa biyu: värn, kariya, da plikt, wajibi. Bahaushe kan sa jigon magana a gaba ya biyo da mai bayyana shi, ya ce gidan sauro ko bautar ƙasa. Harshen Suwidin baya yake ajiye jigon, ya manne kalmomin ba tare da tazara ba. Don haka daga ƙarshe ake fara karantawa: wajibi ne, na me, na kariya. Sashen ƙarshe shi ke yanke jinsin kalmar gaba ɗaya. Värn na cikin rukunin sunaye masu ett, ana cewa värnet. Plikt na cikin masu en, shi ya sa ake cewa värnplikten. Wanda wajibin ya hau kansa kuwa värnpliktig ne.

Akwai wani ɗan harafi s da ke shiga tsakani a wasu kalmomin, aikinsa kusan irin na -n da -r a "gidan" da "bautar". Ba ya cikin värnplikt, domin sashen farko kalma ce tilo. Amma da zarar sashen farko shi ma harɗaɗɗe ne, sai s ya bayyana: värnpliktslag, dokar värnplikt, totalförsvarsplikt, wato total da försvar da s da plikt. Wanda ya san wannan ƙa'ida ya san inda zai sa wuƙa ya yanka doguwar kalma.

Ɗigo biyun da ke kan ä ba ado ba ne. Harafi ne mai zaman kansa a cikin haruffa 29 na harshen, yana can ƙarshe tare da å da ö, kuma ana furta shi kamar e mai buɗaɗɗen baki. Yar da ɗigon kamar yar da lanƙwasar ƙ ne a mayar da ƙafa kafa: värna na nufin a kare, varna kuwa a yi gargaɗi. A bakin yawancin mutanen tsakiya da arewacin ƙasar r da n kan narke su zama sauti ɗaya, a naɗe harshe zuwa ganda.

Värn: ganuwa ce kafin ta zama aikin soja

Wannan sashen ɗan gida ne. Ya fito daga tsohon aikatau värja, a kare ko a tare, wanda a tsohon harshen mutanen arewacin Turai ake cewa verja, a harshen Gotawa, wata tsohuwar al'ummar Turai, kuma warjan, a hana. An liƙa masa n ya zama suna, kamar yadda ljuga, yin ƙarya, ya ba da lögn, se kuma, gani, ya ba da syn. 'Yan uwansa na nan a maƙwabta: værn a Danmak, vern a Norwe, vörn a Aisland, Wehr a Jamus. A Ingilishi ya tsira a kalmar weir, shingen da ake tare ruwan kogi da shi, kuma wannan ita ta fi nuna ma'anar farko: abin da aka gitta don a tsayar da abin da ke tahowa.

Har yau ma'anar nan ta zahiri ba ta mutu ba. Sojan Suwidin kan ce zai haƙa värn, yana nufin ramin da zai fake a ciki ya yi harbi. Bröstvärn shi ne tudun ƙasa ko katangar da ta kai ƙirji. Kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ganuwa ce, domin ita ma tana ɗaukar ginin ƙasa, tana kuma ɗaukar mutumin da ya tsaya wa wasu. Daga nan reshe ya yi yawa: luftvärn, kariya daga jiragen yaƙi, pansarvärn, makaman tare tankoki, hemvärn, dakarun sa kai na tsaron gida da aka kafa a 1940, värnlös, wanda ba shi da mai kare shi. Aikatau värna om ma ya bar bariki, ana amfani da shi ga tattalin yara ko harshe ko 'yanci. Har haraji ya ci sunan: värnskatt, da aka fara karɓa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka sake laƙaba sunan ga ƙarin harajin masu babban albashi daga 1995 har aka soke shi a farkon 2020.

Saiwar ta haifi sunayen makamai ma. Värja suna ne na takobi, irin wanda sojojin Sarki Karl na 12 suka rataya. Gevär, bindiga, ta zo daga Jamusanci Gewehr, asalinta "abin kare kai". Kuskuren da aka fi yi shi ne danganta värn da war ta Ingilishi saboda kamannin sauti. Ba su haɗa uwa ba. War ta bi ta tsohon Faransanci ne daga wata saiwa mai nufin hargitsi da cakuɗewa. Kalmar yaƙi a Suwidin krig ce, kuma babu ita a cikin värnplikt.

Försvar, wadda ke cikin sunan rundunar ƙasar, Försvarsmakten, ita ma ana fassara ta da tsaro, amma gidansu daban. Svar amsa ce. Försvara asalinsa amsawa a madadin wani, maganar gaban alƙali, shi ya sa har yanzu lauyan da ke kare wanda ake tuhuma försvarare ne. Ɗaya kariya ce ta jiki da katanga, ɗaya ta baki da hujja, sai daga baya suka haɗu a harkar soja.

Plikt: baƙuwar da fatake suka kawo

Sashe na biyu aro ne. Daga ƙarni na 13 zuwa na 15 fataken Jamus na ƙawancen Hansa suka riƙe kasuwancin tekun Baltik, suka zauna a Visby da Kalmar da Stockholm. Yawansu ya kai har dokar birane ta ba su rabin kujerun majalisar gari, sai a 1471 aka soke wannan tsari. Jamusancin arewa da suke yi ya zuba dubban kalmomi cikin harshen Suwidin: arbete, aiki, betala, biya, krig ɗin da aka ambata, da plicht, wadda ta zama plikt. Idan aka fassara värnplikt da "wajibin kariya", an yi dace, domin a Hausar ma kariya 'yar gida ce, wajibi kuwa daga Larabci aka aro shi.

Plicht ta fito daga aikatau plegen, ɗaukar nauyin abu ko kula da shi, kuma takwarorinsu a Jamusancin yau su ne Pflicht da pflegen. A tsohon Ingilishi 'yar uwarta pliht na nufin haɗari, wato abin da mutum ya jingina wanda zai iya rasawa in ya saɓa alkawari. Wannan inuwa ta biyo kalmar har Suwidin, inda plikt ta daɗe tana nufin hukunci ko tara. Plikta shi ne biyan tara ko ɗanɗana kuɗar laifi. Kyrkoplikt horo ne na coci: a zaunar da mai laifi a kan wani benci a gaban masu ibada ya amsa laifinsa, kuma sai a 1855 aka daina. Saboda haka plikt a harshen hukuma ba nasiha ba ce. Wajibi ne mai hukunci a bayansa, kamar skolplikt na zuwa makaranta da tystnadsplikt na riƙe sirri da ke kan likita.

Wa ya fara haɗa su?

Sassan biyu tsofaffi ne, amma haɗin na ƙarni na 19 ne. Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne an zuba kalmar a kan ƙirar Wehrpflicht ta Jamusanci, aka fassara kowane sashe da takwaransa, irin yadda aka samu "Yaƙin Duniya" a Hausa: kalmomin na gida, tsarin na waje. Hujjarsa tarihi ne. Furusiya, wata masarautar Jamus, ta kafa dokar aikin soja ga dukkan maza a 1814, kuma nasarorinta a kan Danmak a 1864, Ostiriya a 1866 da Faransa a 1871 suka sa hafsoshin Turai koyi da tsarinta har da kalmominta.

Masu duban maƙwabta na kusa kuma suna da abin faɗa. Tsarin mulkin Norwe na 1814 ya riga ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa wajibin ya værne ƙasar haihuwarsa, Danmak kuma ta kafa værnepligt a 1849. Zaɓen värn maimakon wata kalma ya yi daidai da na waɗannan harsuna, ga shi kuma Suwidin da Norwe sarki ɗaya suke da shi daga 1814 zuwa 1905. Ra'ayoyin biyu ba sa karo: ƙirar ta Jamus ce, tufafin na arewa.

Abin lura shi ne abin da kowace ƙasa ta zaɓa ta ambata. Conscription ta Faransa, tun dokar 1798, daga Latin take, ma'anarta rubuta sunaye a rajista, wato aikin magatakarda. Holan ta ce dienstplicht, wajibin hidima. Finlan ta ce asevelvollisuus, wajibin makami. Suwidin da Norwe da Danmak suka ambaci manufa, ba rajista ko makami ba.

Sunayen da suka riga ta

Kafin värnplikt akwai utskrivning, "rubutowa", inda ake zaɓar namiji ɗaya daga cikin rukunin manoma a tafi da shi, abin da ƙauyuka suka tsana. A 1682 Sarki Karl na 11 ya daidaita tsarin indelningsverket: gonaki biyu ko fiye su haɗu su ɗauki nauyin soja ɗaya, su ba shi ɗan gida da 'yar gona, shi kuma ya tafi idan an buga tambari. Daga nan ne sunayen iyali irin su Svärd, takobi, da Sköld, garkuwa, da Modig, jarumi, suka yaɗu, domin kyaftin kan raɗa wa soja gajeren suna don a bambanta masu suna iri ɗaya.

A 1808, ana tsakiyar yaƙi da Rasha, aka tara samari a wata runduna mai suna lantvärn, kariyar ƙasa. Ba tufafi isassu, ba abinci, ba horo, cuta ta kashe dubbai, kuma a 1809 Suwidin ta rasa Finlan. Sunan ya ɓaci. Da aka kafa sabon tsari a 1812 sai aka kira shi beväring, daga Jamusanci bewehren, ba wa mutum makami, saiwar dai ita ce ta värn. Horon kwana 12 ne kacal, kuma mai hali na iya biyan wani ya je a madadinsa.

Värnplikt ta hau kan sunan doka a 1885. A 1892 horo ya kai kwana 90, a 1901 kuma aka yanke shawarar rushe tsohon tsarin gonaki aka kafa allmän värnplikt na kwana 240. Nan kalmar ta shiga siyasa. Ma'aikata suka ce in akwai plikt to a ba da rätt, haƙƙi, da taken "mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya, bindiga ɗaya". A 1909 maza suka samu ƙuri'a a zaɓen majalisar wakilai, amma har 1922 wanda bai sauke wajibin soja ba ba ya jefa ta.

Barci da farkawa

A zamanin yaƙin cacar baka kusan duk namiji mai lafiya sai ya yi, wajen mutum 50,000 a shekara. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet adadin ya yi ta raguwa. A 2009 majalisa ta amince, da ƙuri'a 153 a kan 150, a koma rundunar masu sa kai, aka fara aiki da hakan ranar 1 ga Yulin 2010. Kalmar da aka yi amfani da ita vilande ce, mai hutawa. Ba a soke wajibin ba, kwantar da shi aka yi, a lokaci guda kuma aka gyara doka ta haɗa maza da mata.

Shi ya sa da masu sa kai suka kasa cika gurabe, Rasha kuma ta ƙwace Kirimiya a 2014, gwamnati ba ta buƙaci sabuwar doka ba. Ranar 2 ga Maris 2017, Peter Hultqvist na ministan tsaro, aka tayar da wajibin da shawarar gwamnati kawai. An kira kimanin 13,000 gwaji, 4,000 suka shiga horo a 2018. Yanzu adadin ya kai wajen 8,000 a shekara, kuma majalisa ta sa burin 10,000 nan da 2030.

Plikt uku a ƙarƙashin rumfa ɗaya

Dokar da ke aiki ita ce ta totalförsvarsplikt ta 1994, wajibin tsaro na bai ɗaya. Ita ce ta shafi 'yan shekara 16 zuwa 70, ɗan ƙasa da baƙon da ke zaune a ƙasar. Rumfa ce mai ɗaki uku.

Värnplikt, aikin soja, na masu takardar zama ɗan ƙasa ne kaɗai, daga shekarar da mutum zai cika 19 zuwa wadda zai cika 47. Civilplikt aikin farar hula ne, wanda aka farfaɗo da shi a Janairun 2024, aka fara da masu kashe gobara da ceto da ma'aikatan lantarki. Allmän tjänsteplikt kuwa ba ya tashi sai gwamnati ta ayyana halin shirin yaƙi, kuma ga yawancin mutane ma'anarsa su ci gaba da zuwa wurin aikinsu: direban bas ya tuƙa, ma'aikaciyar jinya ta je asibiti, ba mai ajiye aiki yadda ya ga dama. Baƙon da ke da izinin zama kawai ba za a sa masa kaki ba. Amma ɗansa ko 'yarsa da suka samu zama 'yan ƙasa suna cikin lissafi kamar kowa.

Matakan a jere suke. A shekarar da matashi zai cika 18, hukumar Plikt- och prövningsverket kan aiko masa da takarda ya cike tambayoyi ta intanet game da lafiya, karatu da sha'awarsa. Amsawa dole ce, kuma nan aka fi yin tuntuɓe: wasu kan ɗauka talla ce su yar, wasu su ƙara gishiri a ciwon da ba su da shi, alhali ƙin amsawa da yin ƙarya duk suna jawo hukunci. Daga cikin sama da 100,000 ake tace waɗanda za a kira mönstring, gwajin kwana ɗaya ko biyu a Stockholm, Göteborg ko Malmö: jarrabawar basira a kwamfuta, awon gani da ji da zuciya, tuƙa keken gwaji, jan ƙarfe, ganin likita da masanin halayya. Wanda aka zaɓa zai yi horon wata 9 zuwa 15, da abinci da makwanci da kuɗin mota zuwa gida, da ɗan alawus wanda a 2024 yake kurona 146 a rana. Doka ta hana mai aiki korar ma'aikaci saboda ya tafi. Bayan horo akan ba mutum gurbi a rundunar yaƙi, a riƙa kiransa atisaye.

Wanda imaninsa ya hana shi ɗaukar makami a kan ɗan Adam na iya neman vapenfri tjänst, hidima ba makami. Wanda ya ƙi gaba ɗaya kuwa yana fuskantar tara ko ɗaurin da zai kai shekara ɗaya, a halin shirin yaƙi har huɗu. Tsohuwar ma'anar plikt ke nan ba ta je ko'ina ba.

Gardamar "kowa da kowa"

Allmän na nufin na kowa, amma waɗanda ke yin horo ba su kai ɗaya cikin goma na tsararsu ba. Masu goyon baya na cewa wajibin na kowa ne ko da ba a kira kowa ba, kuma tacewa na ba runduna masu lafiya da ƙwazo waɗanda albashin soja ba zai jawo su ba. Suna ƙarawa da folkförankring, kafuwar soja a cikin jama'a: ƙasa mai mutum miliyan goma da rabi da doguwar gaɓar teku ba za ta iya tara dakarun ko-ta-kwana da 'yan albashi kaɗai ba.

Masu suka, ciki har da tsohuwar ƙungiyar zaman lafiya ta Svenska Freds da aka kafa a 1883, na ganin tilasta wa matashi koyon kisa tauye 'yanci ne ko da wane suna aka kira shi. Wasu kuma ba tilascin ne damuwarsu ba, rabon nauyin ne: mutum ɗaya ya ba da shekara guda a kan ɗan alawus, tara su wuce jami'a ko aiki. A farkon dawowar tsarin yawancin waɗanda aka ɗauka masu so ne. Yayin da adadin ke hawa, dole a ƙara shiga cikin waɗanda suka rubuta cewa ba sa so, kuma a nan ne za a ga ko värn ce ke jan mutane ko plikt ce ke tura su. Shiga NATO ta ƙara wata tambayar: kalmar da aka gina a kan tsaron gida, ina iyakarta idan ganuwar da za a tsare tana Latbiya ko Finlan?

Abin da matasa ke cewa da bakinsu

A titi ba kasafai ake jin värnplikt ba. Cewa ake göra lumpen, a zahiri "yin tsumma", daga lump, tsummokara, shaguɓe ga tsofaffin kakin da ake raba wa sababbin shiga. Ranar sallama kuma muck ce, kuma tun saura kwana ɗari ake fara ƙidaya. An daɗe ana yaɗa cewa muck taƙaitawa ce ta wasu kalmomi huɗu masu nufin fita daga soja a sa kayan gida. Masana harshe ba su karɓi wannan ba, domin bayanin daga baya aka ƙaga shi. Sun gano kalmar a harshen Romani na matafiyan Suwidin, inda take nufin saki ko 'yantawa, kuma ta bi ta bakin fursunoni kafin ta isa bariki. Har yau wanda ya gama zaman kurkuku da wanda ya gama lumpen aikatau ɗaya suke amfani da shi, mucka.